Zuwa Ga Fasinjan Jirgin Siminti

Gamkalle, Yamai
Bazarar 1985

Zuwa ga Zailani, sanyin idona, ruwan randar da ta kwana a inuwa, ƙamshin ƙasa ranar yayyafin farko. Zuwa ga gawon da ya tsiro a tsakiyar zuciyata, mai ganye a lokacin da kowane icce ya tuɓe. Ya kai zumar da ban taɓa lasa ba amma na san zaƙinta, ya kai hadarin gabas da idona ke nema kullum da yamma! Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawan yashin gulbi, kuma da kana nan da ka ga yadda yashi ya yi yawa bana.

Zan fara da abin da kafin yau ban gaya wa kowa ba, ko Inna, ko ƙawa, ko matashin kaina. Ina son ka. Bakina bai taɓa faɗa maka ba, kai ma ba ka taɓa ji ba, don duk sanda ka tsaya gabana ƙasa nake kallo har in haddace tsakuwar wurin. To yau ka ji. Amma dakata, kada ka yi saurin murmushi, akwai saura, kuma sauran ya fi nauyi: na raina ka. Wallahi na raina ka, hasken raina. Son bai ragu ba ko da ƙwayar gero ɗaya, sai dai raini ya zo ya shimfiɗa tabarmarsa kusa da shi, suna kwana cikin ƙirjina su biyu, suna tashi tare. Ban san zuciya tana iya ɗaukar waɗannan biyun a lokaci guda ba sai a kanka.

Da hannuna nake rubutawa, da bik, alƙalamin da ya rage mini tun ina makaranta, lakwal. Ban je wurin masu rubuta wa mutane takarda a bakin gidan waya ba, don ni na san abin da kai ka manta, cewa maganar mutum biyu ba ta son kunne na uku. In ka ga kuskure ka yi haƙuri, a aji shida na tsaya.

Ka bar mu tun kaka, da aka ga gero ya tsaya a gwiwa ya bushe. Ka ce za ka Kwatano nema. Daga can muka ji ka shiga jirgin ruwa na kaya, ka yi Gabon. Shiru, shiru, har na fara jin tsoron kallon fuskar mahaifiyarka. Sai ga abokin tafiyarka Bawa ya dawo, a rame, da kaset ɗinka cikin aljihu. Bari in ba ka labarin abin da ka aikata, tunda kana bayan teku ba ka gani ba.

Ka san duk layinmu rediyo mai cin kaset guda ɗaya ce, ta Mutari tela. Ka sani, don a shagonsa kake yini. Ka kuma san Mutari ba ya kunna ta a ɓoye, pil, wato batir, ya yi tsada, in za a ci pil to kowa ya amfana. Bayan la'asar aka fito da ita gindin dogonyaron ƙofar gidanku, aka kifa turmi aka ɗora ta. Mahaifiyarka ta zauna gaba, Yaya Haoua, yayarka, kusa da ita. Matan layi da goyonsu, tsofaffin da suka fito masallaci, har Zabarmawan da muke maƙwabtakar garka da su. Babana ma yana nan, daga ban ruwa ya taso, laka ba ta bushe a ƙafarsa ba. Ni kuwa ina bayan zana ina leƙe.

Sai ga muryarka ta fito. Muryar nan da nake iya tsamowa ko a tsakiyar kasuwa! Ka gaida kowa, ban da ni, na ce madalla, yaron yana da kunya. Daga nan ka shiga yi wa jirgi kirari. Wai tsawonsa ya kai daga gada zuwa kasuwar Lazare. Wai kaftin da kansa ke gaishe ka da safe. Wai kai *pasaje* ne, wato fasinja, ka yi ta nanata kalmar kamar wanda aka yi wa naɗin sarauta. Ka ce mu kasa kunne mu ji teku, muka ji ruwa yana facal-facal, tsofaffi suna salati. Aka busa ƙahon jirgi, goyo suka tsala kuka, manya suka yi dariya. Sannan ka ce, "Jama'a, Gamkalle ta mutu. Wanda ya tsaya yana shayar da yashi, shi ya so wahala." Ban ga fuskar Baba ba, bayansa na gani. Na ga dai ya sauke kai yana duban ƙafarsa.

Da ma nan ka tsaya! Amma ina. Ka gyara murya ka ce, "To, a juya kaset. Wannan gefen na Madina ne, ita kaɗai. Don Allah kowa ya tashi ya ba ta wuri."

Zailani! Wayyo Zailani! A wace ƙasa aka yanke maka cibiya? Ruwan gishiri ne ya shiga kanka ya wanke abin da ka sani? Ka taɓa ganin an ce wa mutanen layinmu kowa ya tashi, suka tashi? Ko soja mai bulala sai ya yi da gaske. Wanda ke tsaye ya nemi wuri ya zauna. Wadda ta ɗora tukunya ta sauke ta taho da ludayi a hannu. Mutari ya ƙara murya har ƙarshe, ya ce, "Pil ɗina ne ke ci, ni ba inda za ni." Wata tsohuwa ta ce, "A matsar da ni gaba, kunnena na hagu ba ya ji."

Ka buɗe baki ka zazzage ni a gaban duniya kamar buhun da aka kwance a kasuwa. Wushiryata. Wuyana. Kopto, kwaɗon zogalen da nake ɓoye maka ƙarƙashin ganyen kabewa a garka, wanda ko Inna ba ta san inda yake tafiya ba. Ranar da iska ta fizge mini ɗankwali ka ga kitsona, ka ce ba ka yi barci ba. A gaban Babana, Zailani! A gaban liman! Abin da na adana kamar ƙwai a zuciya, kai ka fasa shi a kan turmi don a ga kana da baki. A ƙarshe ka yanke hukunci kamar kumandan: a ɗaura aure ba ka nan, kawunka ya karɓa maka, Yaya Haoua da ke fataucin atamfa ta kai ni Kwatano, mu hau wannan jirgin naka in iske ka. "Ki zo ki ga duniya," in ji ka. Na roƙi ƙasa ta tsage, ta ƙi. Ƙasar bana ta tsage ko'ina, ban da inda nake tsaye.

Tun ranar sunana ya ɓace. Madam Bato, wato uwargidan jirgin ruwa, shi ne sunana yanzu. In na ɗauko tiren ganyen salati zan kai unguwar Plato, daga wannan zaure a ce "buuu", daga wancan a amsa "buuu". A bakin famfo mata suna cewa, "Madam Bato, yaushe jirgi zai tashi? In kin isa ki aiko mana da teku a kwalba mu yi wanki." Wata ta ce, "Ku bar ta, mai wuyan barewa ce, mu namu wuyan na ɗaukar tulu ne." Sai in cika tuluna in wuce. Ka san ni. Baba kuwa ya daina zama gindin dogonyaro, in za shi masallaci ta bayan gida yake zagayawa. Mutumin da ya yi furfura a unguwar nan ba a taɓa nuna shi da baki ba!

Ina Zailanin da na sani? Ka tuna ranar rabon dawar taimako a filin lakwal? Layin maza daban, na mata daban, soja suna kai da kawowa. Rana ta fito kamar da fushi, tun safe ban sa komai a baki ba, idona ya fara ganin duhu. Kana gab da isa bakin mota, sai ka fita daga layinka. Ka zo ka tsaya ta gefen rana, ka buɗe buhunka ka ɗaga sama kamar mai duba ko ya huje. Inuwar ta faɗo a kaina. Layi ya matsa, ka matsa. Ba ka dube ni ba, ba ka ce uffan ba, kana ta duban buhun nan kamar ramukansa ba su ƙirguwa. Wani soja ya daka maka tsawa, "Kai, mace ce kai?" ya shauɗa maka bulala a kafaɗa. Ka ja da baya taki kaɗan, ka sake ɗaga buhu. Ran nan da buhu wofi ka koma gida, kuma har ka bar garin nan ba ka taɓa tayar da zancen ba. A ƙarƙashin buhun nan na ba ka zuciyata, ba da baki ba, kai ma ba da baki ka roƙa ba. Wancan mutumin dogo ne, har sama kansa yake taɓawa. Wane ne wannan ɗan guntun mai surutu da ya shiga rediyon Mutari da muryarsa?

Ramin ƙarya ƙurarre ne, abin ƙaunata. Gulbi ya janye har ana taka ƙafa a ƙetare inda dā kwalekwale ke bi, mutane sun bi ruwa cikin yashi suna haƙa rijiyoyi, tunda rediyon gwamnati kullum noman rani take kira. Ramin Bawa yana kusa da namu. Yana haƙa yana ba maza labari, ni ina tsugune ina cire ciyawa cikin albasa. Mai kunya ana mantawa tana da kunne. Na ji duka.

Na ji jirgin siminti ne da raguna. Na ji ba ɗaki, ba gado, ba kaftin mai gaisuwa. Kaftin yana can sama bayan gilashi, ko sau ɗaya bai sauko ba, bai san ko an haife ka ba. Ku fasinjoji an zube ku a fili ƙarƙashin tsohon tampol, tsakanin buhuna da garken raguna, in rana ta yi ƙarfen ƙasa ya gasa ku, in igiyar ruwa ta yi tsalle ta jiƙa ku, ƙurar siminti ta daskare muku a gashi. Da aka yi hadari, ma'aikatan jirgi suka janye tampol ɗin daga kanku suka rufe siminti, don siminti in ya jiƙe an yi asara. Kai kuwa, sarkin pasaje, tun da ƙasa ta ɓace wa ido ka kwanta ka rungume buhu, jiri da amai, amai da jiri, kana kiran sunan mahaifiyarka, har wani rago yana cin bakin rigarka ba ka iya korarsa ba. Bawa ya ce ko alƙibla ba ku sani ba, kowa ya kalli inda ya ga dama ya yi salla a zaune. Kaset ɗin ma ba cikin jirgi ka yi shi ba, wa ya ga kanka a ɗage? Sai da kuka sauka, a ɗakin haya, da rediyon aro. Ƙahon na wani jirgi ne, kun laɓe bayan katangar tasha kun jira shi. Tekun da tsofaffinmu suka yi wa salati kuwa, Bawa ne ke kaɗa ruwan wanki a baho da hannunsa.

Maza suka yi dariya har da faɗuwa cikin yashi. Ni hawaye ya ɗiga mini a kan albasa. Ba don ka yi amai ba, wa ya ce namiji ba ya amai? Da ka ce mini, Madina, na ji tsoro, na galabaita, na yi kuka a bayan buhu, da na ɗauki maganar na goya ta a baya, da na so ka ninkin ba ninkin. Tsoronka da na wanke shi na shanya, wahalarka da na raba ta biyu na ɗauki babban rabi. Amma ka zaɓi ruwan baho. Ka ɗauke ni yarinyar da ake ruɗi da ƙarar gwangwani.

Kuma da me kake mana alfahari? Da teku? Tir da wannan teku naka! Ruwan da ba ya kashe ƙishirwar akuya, ba ya raya tushen salati ɗaya, ba a dama fura da shi. Ruwa har iyakar gani, mutum yana tsakiyarsa maƙogwaro a bushe! Ina amfanin yawa in ba albarka? Rabin gugan da Baba ke tatsowa daga yashi, mai laka, mai warin ƙasa, ya fi tekunka daraja tun daga wannan baki har wancan. Shi ne ya ba mu tumatir a shekarar da makiyaya suka shigo Yamai da sanda kawai, ba saniya ko ɗaya a bayansu. Shi ne yake ciyar da mahaifiyarka ma, in ba ka sani ba, don kowace Juma'a Baba yana aika mata kwandon ganye, shi mai shayar da yashi, wanda ya so wahala.

Ko da jirgin kake alfahari? Ai ni ma na san jirgin kaya, a tukunya na san shi. Jar dawar nan ta taimako da soja ke raba mana, wadda kaji ke juya wa baya, ba ta cikinsa ta zo ba? Ita ma ta ƙetare teku, ta fi ka nisan tafiya, an ma rufe ta da tampol mai kyau. Ba mu ji ta aiko da kaset ba. Jirgin nan jakin ƙarfe ne kawai, mai hayaƙi da kuka, an ɗora masa kaya an ɗora ka a kai. Ɓarawo ne kuma, ya sace mini mutum mai nauyi ya sauke mini holoƙo a wancan gefe.

Duk wannan da na haɗiye. Akwai abin da ya tsaya mini a wuya, shi ne labarin matan da ke cikin jirgin. Bawa ya rage murya da ya zo nan, amma iska ta kawo mini. Ya ce makewayi wani akwatin katako ne da aka rataya a gefen jirgi, ba ƙofa, ƙarƙashi teku, sama ma'aikata suna leƙe suna fito. Mata sai sun tafi su uku, biyu su riƙe zane, iska tana fizgewa. Ya ce ruwan sha ganga ɗaya ce, kuku ke riƙe da mabuɗi, yana buɗe wa wadda ta yi masa murmushi, wadda ta sunkuyar da kai ta jira. Ya ce akwai wata baiwar Allah ƴar garin Tawa, amarya za a kai wa miji, mai kunya, ta ƙi ci ta ƙi sha don kada ta buƙaci akwatin nan. Ranar sauka a kafaɗa aka fito da ita, leɓɓanta sun tsage, ba ta gane kowa.

Kana wurin, Zailani. Kana kwance amma idonka biyu. Ka gan ta. Ka san ni kuma, ka san ko ruwa ba na iya sha in namiji yana kallo, ka san in aka yi mini tsawa sai in yini ina rawar jiki. Ka san wadda za ta sunkuyar da kai a gaban kuku. Da wannan sanin ka buɗe baki ka ce in zo in ga duniya. Don me? Don ƴan ɗakinku su ce Zailani ya isa, har mata ake aiko masa ta ruwa? Ashe ni ma buhu ce, a rubuta sunanka a jikina a jefa? Wannan shi ne tushen rainin, sauran duk rassa ne.

Duk da haka, kaico, ina kewarka! Ina kewarka kamar yadda tsagaggiyar ƙasa ke kewar ruwa, baki buɗe, ba ta iya kira. In na ɗauki arozuwar biyu, bokitan yayyafi, zan yi ban ruwa, sai in ji kamar za ka fito daga bayan masara ka karɓi ɗaya ba ka ce komai ba. In tattabara ta tashi ta yi kudu, idona ya bi ta har ya yi ƙwalla. In na ga mai irin tafiyarka, mai ɗan jan ƙafar dama, numfashina ya tsaya sai ya wuce. Wa ke wanke maka riga a can? Ƙurar simintin ta fita daga gashinka? Kana cin abinci mai zafi? Me ya sa zuciya ba ta da kunne, a gaya mata gaskiya ta ji? Na faɗa mata ruwan baho ne, ta ce ita dai muryar take so ta sake ji. Ita ma na raina ta, amma tawa ce, ba ni da wata.

Manya sun zauna a kan maganarka. Sun ce tunda zance ya fita duniya, gara a rufe shi da aure. Baba ya kira ni ƙofar ɗakinsa ya ce, "Madina, kin ji abin da kowa ya ji. Ni ba na tilasta ki. Kina so?" Na sunkuya ina tona ƙasa da yatsan ƙafa. Ka san al'ada, shirun budurwa amsa ce. Aka ce alhamdu lillahi, aka shafa fatiha. Alhali shiruna ba i ba ne, ba a'a ba ne, harshena ne ya maƙale kamar kullum. Yaya zan ce a'a ga mutumin da nake so? Yaya zan ce i ga akwatin katako? Inna ta fara haɗa mini kaya, ta fito da zanenta na aure ta sa a ƙasan ƙunshi, tana yi tana share ido da gefen gyale. Ban ga laifinsu ba. A shekara irin wannan, baki ɗaya in ya ragu a kan akushi ba ƙaramin abu ba ne. Aka sa ɗaurin aure Juma'ar nan, motar Yaya Haoua kuma ta tashi Asabar.

Yau da safe muka tafi rijiyarmu ta cikin gulbi, ni da Baba. Ta ƙara zurfi, sai ya sauka ciki yana cika guga da ƙwarya, ni ina sama ina ja. Na leƙa, ba na ganin fuskarsa, sai farar hularsa a cikin duhu. Na ga in ban yi magana yanzu ba, ba zan taɓa yi ba, don ba kullum Allah ke ba mai kunya uba a cikin rami ba. Na durƙusa a bakin rijiya na ce, "Baba, ba zan hau jirgin ba. Shi nake so, ba wani ba. Amma ya zo da ƙafarsa." Muryata ta sauka ta dawo mini kamar ta wata. Ƙwarya ta daina motsi. Na jira. Can ya ce, "Ja gugan, ya cika." Na ja. Muka shayar da albasa, muka shayar da tumatir. Da muka shigo gida na ji yana ce wa Inna kada a sayi goron Juma'a tukuna. Ya yi alwala, ya fita masallaci ta ƙofar gaba.

Don haka kada ka je tasha ka tsaya kana miƙa wuya, ba ni cikin masu saukowa. Na kwance ƙunshin, na ninke zanen Inna na mayar mata. Wannan takarda ce za ta bi Yaya Haoua a madadina. Ita ba ta jin ƙishirwa, ba ta buƙatar a riƙe mata zane, ba za ta yi wa kowa murmushi don a ba ta ruwa ba.

Ba na ce ka dawo da akwati ba, ba na ce ka dawo da agogo ko takalmi mai ƙara ba. Ka dawo ko da rigar da ka tafi da ita ce. Ka zo ka durƙusa gaban dattijon da ka zaga a bainar jama'a, ka nemi gafararsa da ƙaramar murya. In ya yafe, ka nemi aurena a bakinsa kamar yadda ƴaƴan mutane ke yi. Ranar, in aka tambaye ni, ba zan yi shiru ba.

Kafin nan ina nan inda ka bar ni. Su kira ni Madam Bato har bakinsu ya gaji. Ko wa ya yi sallama a ƙofar gidanmu, mai mota ne ko hafsan soja mai galo a kafaɗa, za a ce masa an riga shi. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, kitsona ya yi fari a kan jira, ba zan ɗaga ido in dubi wani ba. Na rantse da Wanda ya riƙe ruwan sama, kuma Shi zai sake shi ran da Ya so.

Taka, tun ba ka tambaya ba, har ran da za a mayar da ni ƙasa,

Madina